Neman kalma: faifan nan da 'yan ƙwallo ke hawa yana rawa da su

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe huɗu ina da shirin wasanni, baƙona likitan gashin ƙashi ne. Za mu tattauna kan faifan da ɗan wasa ke hawa ya ɗan rusuna, faifan yana motsi a ƙarƙashinsa, wai yana gyara masa tsayuwa. Da muka yi waya "baibireshin" da "balans" yake ta cewa. Ba zan saki wannan a iska ba. A taimaka.

Koci: Girgizar jiki mana.

Antin Gashi: Girgiza ta yi girma, Koci. Motsin 'yan milimita ne kawai, saurinsa ne abin, galibi sau 20 zuwa 50 a daƙiƙa ɗaya. Tsokar ƙafa na jin ana ɗan jan ta, sai ta tsuke da kanta ba da umarninka ba, ta saki, ta sake tsukewa. Kuma faifan iri biyu ne: irin samfurin Power Plate da ke ɗagawa gaba ɗaya, da irin samfurin Galileo da ke ɗaga dama ya sauke hagu. Ni karkarwa ta fi min.

Koci: Karkarwa ta masassara ce, Hajiya.

Sai Masu Gida: Rawar jiki!

Koci: Ɗan baya mai rawar jiki ai shi ke jawo mana fanareti. Wuce.

Malam Na-Gwale: Kun bar tushe kuna ta kama rassa. Aikatau shi ne jijjiga. Sunan kayan aiki kuwa da ma- yake farawa ya ƙare da -i: maburgi, masassabi, mabuɗi. Saboda haka MAJIJJIGI. Aikin kuma hawan majijjigi. An gama.

Sai Masu Gida: Allah gafarta Malam, mai sauraro a cikin adaidaita sahu majigi zai ji, ya ɗauka fim za a haska wa 'yan wasa a filin Ƙofar Mata.

Malam Na-Gwale: Majigi aro ce daga Turanci, tawa haifaffiyar gida ce. Don baƙo ya riga zama sai a hana ɗan gida kujera? Wannan sakacin ne ya sa yau ake cewa "za a buga fainal" a gidajen rediyon Kano, garin da ake kwaikwayon Hausarsa.

Basakkwace a Sabon Gari: Wa ke kwaikwayonku? Ku da kuka cinye rabin harufan kalmomi.

Malam Na-Gwale: Da Hausar wa ake rubuta littafin makaranta?

Basakkwace a Sabon Gari: Da wadda Bature ya fara cin karo da ita a kasuwa.

Ɗan Fagge: Don Allah iyayena, gobe ne shirin.

Antin Gashi: Malam, majijjigi sunan na'ura ne, shi kuma Ɗan Fagge sunan hanyar horon yake nema. Akwai ma abin da ya fi damuna. A Turanci suna ɗaya ake kiran wannan da jijjigar da direban tirela ko na tarakta ke sha a kujera yini guda, wadda ake dangantawa da ciwon baya. Kada direba ya ji rediyo ya ce ashe magani yake sha a hanyar Zariya. Dole kalmar atisaye ta shigo. Na ɗan wasa minti ɗaya ne ko ƙasa da haka, ya huta, ya sake hawa.

Koci: To balans fa? Mu a fili balans muke cewa, kowa ya gane.

Sai Masu Gida: Tsayuwar daka.

Antin Gashi: Wannan ta mai naci ce. Abin da ake nufi, ka dira a ƙafa ɗaya bayan ka sa kai, ko a bangaje ka kana gudu, ba ka yi tangaɗi ba. Ido na aiki a ciki, da can cikin kunne, da jijiyoyin gaɓoɓi masu sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take. Na ukun ne ke raunana bayan targaɗen idon sawu, shi ya sa mai targaɗe ke yawan maimaitawa, kuma shi ake fatan faifan ya farkar. Fata na ce. Wasu binciken sun ga ci gaba, wasu ba su ga ya fi atisayen da babu na'ura ba. Tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+ yana da tsayuwa da ƙafa ɗaya ana jefa ƙwallo, kuma ba ya cin wutar lantarki. Ɗan Fagge, ka tambayi baƙonka wannan kafin masu ƙungiyoyin unguwa su fara karo-karo.

Malam Na-Gwale: Daidaito kenan. Ko shi ma majigi za a ji?

Basakkwace a Sabon Gari: Daidaito kaɗai sai a ce rabon muƙamai ne. Daidaiton tsayuwa.

Ɗan Fagge: Na rubuta: atisayen jijjiga, da daidaiton tsayuwa. Na'urar kuma faifan jijjiga. Na gode ƙwarai.

Malam Na-Gwale: Jijjigar dai tawa ce, hula kawai kuka cire mata. Ka ambaci majijjigi ko sau ɗaya, mu ga ko mutane ba za su ɗauka ba.

Ɗan Fagge: In lokaci ya ba da dama, Malam.

Koci: Yarana dai balans za su ci gaba da cewa.