Shawarwarin da aka bayar kan shirin gine-gine a fili

A zaman da aka yi, maganar ruwa ce ta fi ɗaukar lokaci, kuma a ganina ta cancanci hakan. Fadama da ƙasa mai ciyawa suna shanye ruwan sama. Da zarar an shimfiɗa siminti da kwalta, ruwan ba shi da inda zai nutse, sai ya gangara gidajen da ke kwari. Don haka aka ce kada a amince da komai sai an ga rahoton tantance illar aikin ga muhalli, a kuma duba lokacin da aka yi binciken, domin wanda aka yi da rani kaɗai ba zai nuna hanyar da ruwa ke bi ba.

Kan tarihi ba a ja dogon zance ba: idan akwai kufai ko tsohuwar maƙabarta, masana kayan tarihi su fara dubawa kafin katafila ta shiga.

Cunkoso kuwa, a ƙirga motoci da safe da yamma, lokacin fita aiki da tashi. Wasu sun nemi a faɗaɗa titi, amma aka tunatar da su cewa titi mai faɗi yakan jawo ƙarin motoci, sai cunkoson ya dawo bayan ɗan lokaci.