Gayyar maƙabarta: ya kuke yi da ciyawa da dabbobin da ke ciki?

Ɗan Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum. Mu matasan unguwarmu muna shirin gayyar maƙabarta da zarar ruwa ya ɗauke. Bana tafasa da ƙarangiya sun cinye hanya, masu ɗauke da makara sai sun yi ta laluben inda za su taka. Wasu sun ce a banka wuta a huta, wasu sun ce a yi feshi. Waɗanda suka taɓa wannan aiki, me kuka gani da idonku?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Don Allah kada ku sa wuta. Wata shekara cikin hunturu wani ya cinna wa tamu, da safe muka tarar da bushiyoyi a ƙone, kowace a dunƙule inda wutar ta same ta, don ita bushiya ba gudu take ba. Magaryar da ake tsinkar ganyenta don wankan gawa ita ma ta tafi. Liman ya karanta mana hadisin Abu Dawud, inda Annabi (SAW) ya ga an ƙona gidan tururuwa, ya ce bai dace wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Tun ran nan lauje da fartanya muke sa wa, mu kwashe ciyawar a baro mu fitar.

Tsoho mai haƙa: Yarana, na tsufa ina haƙar kabari, kuma abin da ya fi ba ni wahala gafiya ce. Takan yi rami ta gefen kushewa, ruwan Agusta ya bi ramin, itace ya ruɓe, sai ka wayi gari kabari ya rufta. Ciko da jar ƙasa shi ne magani, a daddale sosai. Yara masu farautarta da karnuka sun fi ta ɓarna, don su tona suke har ƙasa.

Mujiya kuwa ku ƙyale ta. Mutane na jifanta wai kukanta mugun abu ne, alhali ɓeraye take kama mana duk dare. Damo ma bai taɓa kowa ba. Wadda za ku kiyaya ita ce kububuwa, tana son kwanciya ƙarƙashin fasassun tukwane. Ku sa takalmin ruwa, ku tura sanda kafin hannu. In ta sari wani, asibiti kai tsaye, ban da tsaga, ban da ɗaure wurin.

Maman Ummi: Mu mata namu daga gida ne. Muna dama kunu mu aika, muna haɗa abin da ya samu a sayo tifar ƙasa. Ni nakan ba yarona tsohon kasko ya ajiye a gindin bedi ya riƙa zuba ruwa da bazara. Ya ce kurciyoyi da hasbiya har jiransa suke.

Badauri: Abin da ke damuna itatuwa ne. Nan Daura in kana neman tsohuwar aduwa ko kurna da gatari bai taɓa ba, sai ka leƙa maƙabarta, waje duk an mai da su itacen girki da gawayi. Muna yara ungulaye cike suke da kan itatuwan nan, yau ɗana bai san kamannin ungulu ba. Mun dasa bedi, awaki suka cinye dashen farko ta inda katanga ta faɗi, sai da muka kewaye kowanne da ƙaya.

Tsoho mai haƙa: Badauri, ku riƙa dasawa jikin katanga da bakin hanya. Saiwar bedi nisa take yi, in tana tsakiya mu take hana haƙa.

Ɗan Ƙofar Sauri: Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabatanmu. Mun ajiye maganar wuta da feshi. Baba mai haƙa, ranar gayyar za mu zo mu ɗauke ka da babur, ka nuna mana ramukan da za mu fara cikewa.