Digirin jinya da bashi a Amurka: da gaske yana biyan kansa?

Baba: Assalamu alaikum. Auta ta samu gurbin karatun jinya a wata jami'a mai zaman kanta, shekara huɗu. Bayan an cire tallafin da suka ba ta, abin da ya rage sai an ci bashi, kuma idan aka haɗa na shekarun duka ya kusa dala dubu 100. Ina neman shawararku kafin mu sa hannu.

Kawu: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka sa hannu da bismillah. Digirin jinya shi ke biyan kansa da kansa. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta ce a watan Mayun 2023 matsakaicin albashin nas mai lasisi ya kai dala 86,070 a shekara. Wane karatu ne yarinya za ta gama yau, gobe asibitoci suna rububinta? Masu bashin da ke kuka, waɗanda suka karanta abin da ba shi da kasuwa ne.

Anti Nas: Yaya, ka yi haƙuri, ban yarda ba, kuma ni a cikin aikin nake. Wannan adadin da ka kawo na tsakiya ne: rabin ma'aikatan ba su kai shi ba, kuma an haɗa har da wadda ta shekara ashirin tana aiki. Sabuwar fitowa ba daga nan take farawa ba. Sannan jiha jiha ce. A Kalifoniya matsakaicin ya haura dala dubu 130, a Alabama bai kai dubu 75 ba. Bashin kuwa bai san jihar da kake ba, abin da ake biya duk wata iri ɗaya ne a ko'ina.

Kawu: To ko dubu 70 ne, ai ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai shekara 22.

Yaya Babba: Kawu, bari mu yi lissafi. Ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa, iyakar abin da gwamnatin tarayya ke ranta masa a digirin farko gaba ɗaya dala 31,000 ne. A zangon 2024 zuwa 2025 kuɗin ruwansa kashi 6.53 cikin ɗari ne. Idan za a biya cikin shekara goma, kusan dala 350 ke nan a wata, wannan nas za ta iya ɗauka. Amma dubu 100, ko da a kan wannan ruwan ne, ya haura dala 1,100 duk wata. Kuma ba a kan wannan ruwan zai zo ba. Ragowar sai dai Baba ya ci da sunansa ta shirin Parent PLUS, wato rancen da gwamnatin tarayya ke ba iyaye, wanda ruwansa a wannan zangon ya kai kashi 9.08, ko a je banki. Baba ne zai tsufa da shi a wuya.

Anti Nas: Allah ya yi maka albarka. Abin da ya fi ci mini rai, Alhaji, shi ne ba wanda ya faɗa mini wannan lokacin da na shiga. Ranar da na je jarrabawar lasisi, wato NCLEX, wadda ke zaune kusa da ni daga kwalejin al'umma ta fito, karatun shekara biyu. Tambayoyi iri ɗaya, lasisi iri ɗaya. Aka ɗauke mu a ɗakin marasa lafiya ɗaya, muna kwanan aiki tare, awa sha biyu a tsaye, ƙafa ta kumbura har takalmi ya matse. Bambancin albashinmu bai taka kara ya karya ba. Ita asibitin ya taya ta biyan kuɗin ƙarasa digiri tana aiki. Ni kuwa in albashi ya shigo, kafin in sayi ko sabulu an cire na bashi. Na yi shekaru ina karɓar ƙarin kwana na huɗu a mako saboda shi kawai, yarana suna barci na fita, suna makaranta na dawo.

Kawu: Na ji zafin abin, ƙanwata, amma kada mu rage wa yarinya daraja don gudun kuɗi. Digirin ba ado ba ne. Binciken da Linda Aiken ta jagoranta a 2003 a asibitocin jihar Pennsylvania ya nuna duk inda masu digiri suka ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata na raguwa da kusan kashi 5. Jihar New York ma ta yi doka a 2017 cewa sabon nas ya samu digiri cikin shekara goma da karɓar lasisi. Manyan asibitoci da yawa sun fi son mai digiri. Kuma in tana son ta hau sama nan gaba, ta zama mai ba da maganin barci a ɗakin tiyata ko mai duba marasa lafiya da rubuta magani, dole ta bi ta kansa.

Anti Nas: Ban ce kada ta yi digiri ba, Yaya. Dole ta yi. Farashin nake ja da shi. Dokar da ka ambata da kanta shekara goma ta bayar, ba ta ce a ci bashin dubu 100 rana ɗaya ba.

Gwaggo: Ni duk lissafinku bai dame ni kamar kalmar ruwan nan ba. Alhaji, tun kafin a kai ga ko za a iya biya, ka tambayi malamai. Yarinya ta fara rayuwarta da riba a kanta, zuciyata ba ta kwanta ba.

Kawu: Akwai yafiya fa. Wanda ya yi aiki a asibitin gwamnati ko wanda ba na neman riba ba, ya biya sau 120, ana yafe masa ragowar. Akwai kuma shirin Nurse Corps mai biyan kashi 60 na bashin idan an yi shekara biyu a inda ake ƙarancin ma'aikata.

Yaya Babba: Gaskiya ne, Kawu, sai dai yafiyar biya 120 ɗin ta bashin gwamnatin tarayya ce kaɗai, na banki ba ya ciki. Nurse Corps kuma nema ake yi, ba kowa ke samu ba. Kuma a ƙasar nan ko mutum ya karye ya je kotu, da wuya a sauke masa bashin karatu.

Auta: Na gode muku duka. Anti, ni tsorona da hanyar shekara biyun shi ne ba shekara biyu ba ce a zahiri. Sai an fara gama darussan share fage, sannan a jira gurbi, wasu har shekara guda suna jira. Ba na son in zauna ƙawayena suna gaba.

Anti Nas: Wannan tsoron naki gaskiya ne, 'yata, na ga waɗanda suka jira. To akwai ta uku: jami'ar jiharku, digiri cikakke a kan kuɗin 'yan jiha. Kin nema?

Auta: Na nema, sun ce amsa sai wata mai zuwa.

Kawu: Ni dai har yanzu ina ganin tsuntsun da ke hannu ya fi. Gurbin nan zai jira mu?

Baba: Suna so mu ba su amsa kafin 1 ga Mayu. Auta, ki turo wa Yayanki da Antinki takardar tallafin yau, su ware mana nawa ne kyauta, nawa ne rance, da sunan wa za a ci. Ni kuma zan ga Malam bayan sallar Juma'a kan maganar Gwaggonku.