Abin da tsofaffin 'yan kallo suka ce game da Bowman Gray

Wani ɗan uwa da zai je Winston-Salem a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka ya nemi shawara kan filin tseren motoci na Bowman Gray, sai masana wurin suka yi ta ba shi. Ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya fara da tarihi. Filin ƙwallon Amurka ne da aka gina a 1937, a 1949 aka fara tseren NASCAR, hukumar shirya tseren motoci a Amurka, a cikinsa, kuma har yau ana yi duk daren Asabar daga Afrilu zuwa Agusta. A nan shahararren direba Richard Petty ya ci nasararsa ta 100 a 1969.

Inda suka fi daɗewa shi ne kan hanyar kanta. Zagayenta rubu'in mil ne kacal, shimfiɗaɗɗiya, ga ƙunci. Wuce mota sai da gogayya, shi ya sa za ka ga na baya ya ɗan tunkuɗe na gaba a kwana, 'yan kallo su miƙe da ihu, wani lokacin direbobi su fito ana nuna wa juna yatsa. Ba a banza ake yi wa wurin laƙabi da gidan mahaukata ba. Suka ce wa ɗan uwan ya zuba ido a kan rukunin motocin da ake kira Modified, masu tayoyi a waje, su ne gishirin daren.

Sauran ƙananan abubuwa ne: ya je da wuri, ya riƙe matashi don wurin zaman da tauri, ya toshe kunnuwa. Wani dattijo ya ƙara da cewa kada ya kushe wani direba kafin ya duba rigar maƙwabcinsa, domin a can goyon baya gado ne.