Ina Ya Dace a Ajiye Sabar Tushen Sunayen Intanet?

Mun zauna da wasu masu aikin sadarwa a nan Kano, ga abin da na tsinta.

Sabar tushe kwamfuta ce da ke nuna inda za a fara neman adireshin sunan shafin intanet. Sabobin tushe 13 ne a suna, daga A zuwa M, ƙungiyoyi 12 ke kula da su. Amma kowace saba tana da kwafi a ƙasashe da yawa masu amsa adireshi ɗaya, tambayarka sai ta nufi mafi kusa. Kwafin nan ake neman wa mazauni.

Kusan kowa ya ce a sa shi inda kamfanonin sadarwa ke haɗuwa, kamar IXPN, cibiyar musayar intanet ta Najeriya, don kada kamfani guda ya mallake hanyar. An daɗe ana tattaunawa a kan Legas. Yawancin wayoyin intanet na ƙarƙashin teku can suke sauka, kuma mun ga wahalar da aka sha da suka yanke a Maris 2024. Shi ya sa nake ganin Arewa ma ta cancanci nata kwafin, da layin faiba biyu masu bin hanya daban-daban.

Wani dattijon injiniya ya ja kunne: wuta ba yankewa, sola da janareta a shirye, sanyaya ɗaki saboda zafin bazara, da tace ƙurar hunturu. Ya ƙara da cewa a tabbatar da IPv6, wato sabon tsarin adireshin intanet, tun ranar farko.