Nas ta ƙi karɓar kuɗina, ta yaya zan gode mata ba tare da na ja mata matsala ba?

Ɗan Bungudu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nike nema, ku yi haƙuri bayanin zai ɗan yi tsawo.

Sati ukku da sunka wuce mai ɗakina ta kamu da jijjiga, cikin fari ne wata tara ya kusa cika. Tun la'asar take cewa kanta na sara mata, idonta na ganin hazo-hazo, ƙafafun nan kuwa sun daɗe da kumbura amma tsofaffi sunka ce ai haka ciki yake, ƙila ma tagwaye ne. Wajen ƙarfe goma na dare sai ta faɗi tana kakkafewa. Kun san halin da hanyoyinmu ke ciki, babu direban da zai hau titi da wanga dare ko nawa za ka ba shi, haka munka kwana kanta ana tofi ana shafa mata rubutu, sai da anka yi sallar asuba munka samu mota zuwa Gusau.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, na gwamnati ne dai. An yi mata tiyata an ciro yaro namiji da rai, an ƙara mata jini leda biyu, alhamdu lillahi. Amma wadda ta tsaya mani a rai ita ce nas ɗin da ke dutin dare, wata sista ce daga wajen Zuru, Hausarta ma da ɗan gargada. Ita kaɗai ce a ɗakin nan mai cike da masu jego da masu naƙuda, amma duk bayan awa huɗu sai ta zo ta yi wa iyalina wata allura mai zafi a ɗuwawu, kafin ta yi sai ta duba ledar fitsari, ta ƙirga numfashi, ta ɗan buga mata wani abu a gwiwa ta ga ko ƙafar za ta motsa. Da anka ɗauke wuta janareto bai tashi da wuri ba, surukata ta riƙa mata hasken waya ta ci gaba da aikinta. Ni ina waje bakin ƙofa kamar zararre, sau ukku tana leƙowa ta ce Malam ka zauna, matarka na numfashi lahiya, hawan jinin na sauka. Wallahi wannan magana ta fi mani abinci a daren nan.

Akwai kuma wata dattijuwa mai shara da goge-goge, ita ta kwashe amai da jini ko yamutsa fuska ba ta yi ba, ta kawo wa surukata ruwan zafi cikin filas ɗinta.

Ranar da anka sallame mu na sa dubu 10 cikin ambulan na miƙa wa sistar, ta ce Malam je ka sai wa mai jego kaji, in ka sake miƙo mani za mu ɓata. Kunya ta kama ni. Tun ranar abin na damuna, to me ya dace in yi? In bi ta gida da buhun gero? In kai wa shugabanninta magana? Ina tsoron in je yabo in ja mata baƙin jini wurin 'yan uwanta.

Tsohuwar Metiron ta amsa:

Wa alaikumus salam ɗana, barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Na yi shekara 35 a aikin jinya kafin in yi ritaya ina metiron, wato shugabar nas-nas, bari in gaya maka abin da na gani.

Da farko allurar da ka ga tana yi, ita ce maganin da ke tsayar da jijjiga, magnesium sulphate, ana ci gaba da ita har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjiga ta ƙarshe. Duba fitsari da numfashi da bugun gwiwar nan ba ado ba ne, in maganin ya taru a jiki yana iya danne numfashi, to da su ake gane ko a yi ta gaba ko a dakata. Nas ɗin da ke ita kaɗai da dare, ga gajiya ga duhu, amma ba ta tsallake ko ɗaya ba, wannan ta san aikinta kuma tana tsoron Allah. Ka yi dace.

Kada ka je gidanta da gero. Gobe wani ya gani ya ce ai sai da kaya take kula da mutane, kuma ƙa'idar aikin gwamnati ma ta hana ma'aikaci karɓar kyauta saboda aikin da ya yi wa mutum a ofishinsa.

Takarda za ka rubuta. Ka aika wa shugaban asibitin, ka ba shugabar nas-nas kwafi, ka sa kwanan watan da kuka kwanta da sunan ɗakin da sunanta in ka sani, in ba ka sani ba ka ce wadda ta yi dutin dare ranar kaza, akwai rosta za su gano ta. Ka faɗi abin da ta yi dalla-dalla kamar yadda ka faɗa mana nan, ban da irin "tana da kirki sosai" kawai, wannan ba ya shiga fayil. Ka roƙi a sa kwafi cikin fayil ɗinta. In an zo cike fom ɗin auna aiki na ƙarshen shekara, ko ana neman wadda za a tura kwas, ko wadda za a karrama ranar 12 ga Mayu, ranar nas-nas ta duniya, ko 5 ga Mayu ta unguwar zoma, takardarka na nan tana yi mata magana. Ni a duk shekarun nan da na yi, takardun ƙorafi da suka biyo ta teburina ba su ƙirguwa, na yabo kuwa ban cika yatsun hannu ɗaya da su ba. Ɗaya ma har yau tana cikin adakata, wani tsoho ne ya sa jikansa ya rubuta da biro a takardar littafin makaranta.

Sannan don Allah ka sa dattijuwar nan mai shara a ciki. Su kam ko a taron karramawa kujera suke jerawa.

Bakabe ya amsa:

Allah raya. Amma ni hwa ban gane ba, ba aikinta ba ne? Ba albashi aka biyanta ba duk wata? Mun kai matsayin da in ma'aikaci ya yi abin da anka ɗauke shi dominai sai mun yi mai biki. Bara na kai tsohona wani asibiti nan Kebbi hitsari ya toshe mai, tun hantsi muna bisa benci yana murƙususu, wadda ke teburi na danna waya tana dariya, da na yi magana tac ce in ina sauri in tahi asibitin kuɗi. Sai bayan azahar anka sa mai roba. Wa zan rubuta wa takarda kan wagga? Ku dai kun ci sa'a.

Tsohuwar Metiron ta amsa:

Bakabe, Allah ya ba Baba lafiya, abin da aka yi muku ba daidai ba ne kuma ba zan kare shi ba, na yi aiki da irinsu. Wurin da za a kai ta yabo nan ake kai ta ƙorafi, a asibitocin tarayya ma akwai teburin SERVICOM mai karɓar ƙorafin jama'a tun zamanin Obasanjo, 2004 aka kafa shi don irin wannan. Sai dai ka duba, wadda ta yi maka wulaƙanci da wadda ta kwana tsaye kan matar ɗan Bungudu, in matakinsu ɗaya albashinsu ɗaya ne, ƙarin girma ma tare za su samu in lokaci ya yi. In babu mai bambanta su a rubuce, mai kirkin ce za ta gaji ta koma kamar ɗayar, ko ta nemi hanyar Saudiyya ko Ingila. Na ga yara masu hannu mai kyau sun tafi ta haka.

Almajirin Zaure ya amsa:

Barka Malam. Nas ɗin nan ta yi daidai da ta ƙi kuɗin. Akwai hadisin Ibnul Lutbiyya a Bukhari da Muslim, wanda Annabi (SAW) ya tura karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, aka ce masa me ya sa bai zauna gidan uwarsa da ubansa ba ya ga ko za a kawo masa kyautar. Kuma dai ya zo cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, saboda haka godiyar na kanka, hanyar ce kawai za ka gyara. Ka bi shawarar Hajiya Metiron. Ai aikin jinya ma da asali a wurinmu, Rufaida al-Aslamiyya tantinta a masallacin Madina yake tana kula da masu rauni, wurinta aka kai Sa'ad bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Har yau ana kiran sunanta.

Na Anka ya amsa:

Maganar mai shara ce ta taɓa ni. Lokacin gubar dalma a 2010, da yara sunka riƙa mutuwa a Dareta da 'Yargalma da Abare da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙan duwatsun zinari cikin gidaje, sama da yara 400 sunka tahi. Duniya ta san sunan MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, kuma sun cancanta, sun yi sama da shekara 10 suna wanga aiki, har Bagega da sai 2013 anka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Amma wa ke bin uwa gida-gida yana lallashinta ta dawo da yaro a sake ɗibar jini? Wa ke zama ya tabbata yaro ya haɗiye maganin bai tofar ba, kwana da kwanaki? 'Ya'yanmu ne na nan, nas-nas da ma'aikatan lahiya na ƙauye da direbobi da masu dafa abinci. Ban taɓa jin an kira su an ce sannunku a bainar jama'a ba.

Mu dama sai mutum ya mutu. Dubi Dakta Adadevoh ta Legas, ita ta hana Patrick Sawyer, wanda ya shigo da Ebola daga Laberiya, hita asibiti a 2014, cutar ta kashe ta cikin watan Agusta na shekarar, lambar girma ta ƙasa sai 2022 anka ba ta, shekara 8 tana ƙasa. Kai ɗan Bungudu rubuta takardar ga tun sistar na ji da kunnenta. In kana da hali ma ka aika gaisuwa gidan rediyo, mutanen ƙauye rediyo suka saurare, ko ba komi wata mai ciki ta ji cewa akwai masu kirki a asibiti ta yarda ta tahi awo.

Nas Mai Dutin Dare ta amsa:

Mama Metiron ta gama magana, sai dai in ƙara kaɗan tunda ni ina ciki yanzu. Batun rediyo ko Facebook, don Allah a tambaye ta tukuna kafin a kira sunanta ko a sa hotonta, da yanayin tsaron nan ba kowa ke son a san inda yake aiki da lokacin da yake tashi ba, an sha ɗauke ma'aikatan lafiya a jihar nan. A ce nas-nas na ɗakin haihuwa kawai ya isa, mu mun san wa ake nufi.

In kuma dole kana son ka kawo wani abu a hannu to ka kawo wa ɗakin gaba ɗaya ta hannun shugabar ɗaki, ba wa mutum ɗaya ba. Fitila mai caji biyu masu kyau wallahi sun fi mana kaji, ko katan ɗin safar hannu ko sabulu da omo. Wata mata ta taɓa kawo mana ƙosai da kunun tsamiya ƙarfe shida na safe bayan mun kwana ba mu zauna ba, har yau in mun haɗu da waɗanda muka yi dutin tare sai mun tuna. Abin da ya fi komai kuma, ku dawo da jaririn mu gan shi in kun zo rigakafi. Mu fa sai dai mu ga mutum a mafi munin halinsa, a sallame shi shi ke nan, ba mu san ya aka ƙare ba.

Yaya Bakabe ka yi haƙuri, ba dukanmu ba ne.

Kuma Malam, mai jego ta riƙa zuwa ana auna mata jini ko ta ji garau, hawan jinin nan yana iya dawowa cikin jego, in ta ce kai na sara mata ko ido na hazo kada a jira dare. Ciki na gaba kuma awo tun da wuri, haihuwa a asibiti tunda an yi mata aiki.

Bakabe ya amsa:

To na ji. Ka yi mata takwara mana a huta.

Ɗan Bungudu ya amsa:

Haba Bakabe, namiji ne hwa, kuma an riga an yanka rago, sunan tsohona ya ci. Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Jiya na aiki ƙanena ya dubo, ashe an mai da sistar dutin safe, ya kuma samo sunan dattijuwar. Fitila biyu zan saya ranar kasuwa in Allah ya so, rigakafin sati shida kuma can za mu kai shi su gan shi. Hajiya Metiron saura abu ɗaya, Turancina ba ya kai ni ko'ina, in na rubuta takardar da Hausa za su karɓa ko sai na nemi malamin makaranta?

Tsohuwar Metiron ta amsa:

Rubuta da Hausarka ɗana, yadda ka rubuta mana nan, za a karanta. In kana so malamin ya juya maka ita Turanci ka haɗa biyun ka maƙale. Ka yi kwafi uku, ka kai da kanka ofishin karɓar takardu, ka tsaya sai sun buga hatimi a kan naka kwafin da kwanan wata kafin ka baro wurin.