Fulawata ta fen tana bushewa, ga ɗigo-ɗigo a bayan ganye

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da fulawar fen irin ta Boston, mai dogayen ganye kamar gashin tsuntsu. Bakin ganyen sai ƙonewa yake, ƙananan suna kakkaɓewa, ga wasu ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a bayansu. Tana jikin taga, fanka na kaɗa ta, kullum ina ba ta ruwa. Cuta ce? In fesa magani?

Wata 'yar uwa: Wa alaikumus salam. Hajiya, dakata da maganin tukuna. Juya ganyen ki duba. Idan ɗigon a jere suke reras, layi biyu kusa da gefen kowane ƙaramin ganye, lafiyarta ƙalau. Fen ba ta fure, ba ta 'ya'ya, da wannan garin da ke cikin ɗigon take yaɗuwa. Amma idan a warwatse suke har kan kara, suna ɓamɓaruwa da farce, ganyen kuma yana danƙo, to ƙwari ne masu maƙalewa, sai ki goge su da auduga da ruwan sabulu.

Wani ɗan uwa: Ni tagar da fankar nake zargi. Shukar ƙarƙashin bishiya ce, haske take so, ba rana kai tsaye ba. Ki janye ta daga inda rana ke dukanta da inda iska ke busa ta. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 16 zuwa 24, da danshin iska kashi 50 cikin 100 ko fiye.

Wata mamba: Ki riƙa fesa mata ruwa safe da yamma.

Wata 'yar uwa: Anti, feshin nan kafin ki juya ya bushe. Gara ta haɗa ta wuri ɗaya da sauran tukwanen shuka, ko ta kai ta banɗaki in yana da haske. Hajiya mai tambaya, batun ruwa kullum ma da gyara. Ki tsoma yatsa a ƙasar, in sama ta fara shan iska ki zuba har ya fito ta ƙasan tukunya, ki zubar da wanda ya taru. Saiwar da ta kwana cikin ruwa ruɓewa take, ganye ya koma rawaya.

Mai tambaya: Na duba, a jere suke kuwa! To waɗanda suka ƙone fa?

Wani ɗan uwa: Ba za su dawo kore ba. Ki yanke su da almakashi daga gindi, ki kula da sababbin da ke fitowa a nannaɗe a tsakiya. Taki kuwa ki bari sai ta farfaɗo, sannan ki ba ta na ruwa, rabin abin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya a wata.